Ranar da Ruwa Ya Tuɓe Baba

Har gobe idan aka yar da garwar da babu komai a ciki, ƙararta ta doki kunnena, sai na gan ni a unguwar Masfala ta Makka ina yarinya. Da garwa aka yi gidanmu. A fasa ta, a daddaka ta miƙe, a kafa a jikin itace, shi ke nan an yi bango. Haka yawancin gidajen Takari suke a lokacin, a gangaren da ke ƙasa da Harami, inda ba mai hana ka kafa bukka domin kowa ya san hanyar ruwa ce.

Wataƙila ka ɗauka ba a ruwa a Makka. Ana yi, sai dai shekara takan wuce ba mu ga ko ɗigo ba. Amma ranar da ya zo, duwatsun nan ba sa shan komai. Duk abin da ya zuba a kansu sai su turo mana shi ƙasa. Shi mutanen garin ke kira sel.

Baba ga-ruwa yake yi, garwa biyu a sanda, yana kai wa gidajen masu hali. Mutum ne mai tsare girmansa ƙwarai. Ko zafi ya kai yaya, ban taɓa ganin sa a tsakar gida ba riga ba hula ba. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Tare da mu akwai Iya, mahaifiyarsa, wadda ta tako daga ƙasar Kano, ta biyo ta Sudan, shekara da shekaru, har tafiyar ta cinye mata gwiwoyi. Ba ta iya tsayuwa sai an ɗaga ta.

Lokacin sanyi ne, da hantsi, ruwan ya sauko. Mu yara murna muka yi, muna tara hannu a bakin rufi. Can sai muka ji wani gurnani daga sama da gari, maza kuma na gudu suna ihu, "Sel! Sel! Ku hau dutse!" Inna ta goya ƙanena, ta yi ƙoƙarin ɗaga Iya, ta kasa. Iya ta ture ta, ta ce, "Tafi da yaran nan, ki turo min maza."

Muna isa kan dutse, inda duk unguwa ta taru, sai ga Baba a guje, ba sanda ba garwa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Iya?"

Inna ta nuna gida da hannu. Nan take ya gangara.

Ruwan ja ne, mai kauri kamar kunu, yana tafe da ƙofofi da tabarmi da awaki. Mun ga Baba ya shige gidan, ruwa na iya ƙugunsa. Da ya fito, ruwan ya kai masa ƙirji, Iya kuma na bayansa ta rungume wuyansa. Wani gefen bango ya ɓalle ya kama rigarsa, ya yage ta gaba ɗaya. Ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa, Iya na nan a bayansa. Sa'ad da ƙafarsa ta taka dutse ya fara hawowa, sai muka ga ruwan ya tafi da wandon ma.

Hannayensa biyu suna riƙe da ƙafafun Iya. In zai rufe jikinsa, sai ya sake ta. Bai sake ta ba. Haka ya hawo a gaban maƙwabta, da matan da yake gaisarwa kansa a ƙasa, da limamin unguwa. Maza suka juya baya, mata suka ja mayafi kan fuska. Wani yaro ya yi dariya, na ji ƙarar marin da ya sha. Ni kuwa wuyana ya ƙi juyawa. Ina tsaye kamar an kafe ni, har idona ya haɗu da na Baba.

Yana ajiye Iya, ta fizge mayafinta ta miƙa masa, furfurarta a waje, ita da ko mu ba mu san launin gashinta ba. Ta ce, "Ungo, ɗaura." Sannan ta juyo kan jama'a, "A haka ya zo min duniya, a haka ya fito da ni. Mai magana ya yi."

Ba wanda ya yi.

Gari duka ya ɗauki zancen yadda ruwa ya cika Harami, har wasu suka yi ɗawafi da iyo. A gidanmu ba a taɓa tayar da zancen ranar ba. Mutane na yaba wa Baba, shi kuwa ya daina bin layin unguwar, ya sauya masallaci, daga baya ya kwashe mu zuwa unguwar Mansur. Ni ma na daina kai masa abinci, sai in tura ƙanena. In na ji takunsa, sai in shige ɗaki. Shekaru muka yi haka a gida ɗaya.

Sai ana gobe za a kai ni gidan miji, bayan la'asar, ya ce, "Ke, zo nan." Na durƙusa daga nesa. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ranar ruwan nan," ya ce, "kin kau da kai?"

"Na kau da kai, Baba."

Ya san yadda aka yi, ni ma na sani. Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ce, "To madalla. Allah ya yi miki albarka."

Yanzu inda gidanmu yake dogayen otal ne, ruwan kuma an haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa. A unguwar Aziziyya nake zaune da jikoki, waɗanda in hadari ya haɗu sai su fita da waya suna ɗaukar hoto. Na gaya musu mahaifina ya taɓa fito da mahaifiyarsa daga sel a bayansa, suka ce mashallah, suka koma kan wayoyinsu. Sauran labarin ban san yadda ake faɗinsa da Larabci ba, da Hausa kuma har yau bakina nauyi yake yi.