Kwamfutar Aljihu Da Uwar Biyu Ta Sayo

Uwar Biyu tela ce. Shekara ashirin da shida ta yi tana ɗinki a ɗan ɗakin da ke ƙofar gidansu, wanda tagarsa ke kallon titi. Mace ce mai ƙarancin magana, kullum da allura ɗaya ko biyu maƙale a gefen bakinta, har matan unguwa suna tsokanarta cewa allurorin ne suka ɗinke mata leɓe. Mijinta kuwa mai aski ne a bakin kasuwa, kuma ba wanda ke kiran sa da ainihin sunansa. Rediyo ake ce masa. In ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ya soma zuba, sai ka ji labarin duniya da na maƙwabta kafin ya gama gefe guda na kanka. Jarida ma ba ya karanta ta a zuci, sai da ƙarfi, yana yi yana ƙara mata gishiri.

Ita dai ta sha cewa auren ya yi mata riba, don bakin mutum ɗaya ya ishe su su biyu. In baƙi sun zo, shi ke gaishe su, shi ke amsa gaisuwar da aka yi mata, ita nata murmushi da kawo ruwa. A haka suka raini 'ya'yansu mata 'yan biyu, har kowacce ta kama gabanta a wani gari.

Wata Talata da hantsi, yana tsakiyar yi wa wani aski yana ba shi labari, injin askin ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi shi ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Mako uku suka yi a can. Da aka sallamo su, hannun dama ya mutu murus, ƙafar tana jan ƙasa, magana kuwa duk ta tafi sai kalma ɗaya tak: "Yauwa."

Ita yake faɗa wa kowa a kan komai. In ta ce, "Baban Biyu, ruwa za ka sha?" sai ya ce "Yauwa," yana girgiza kai da ƙarfi. In ta ce, "To bayan gida ne?" sai ya ce "Yauwa," yana dukan katifa da hannun hagu. Takan tsaya a kansa tana jero abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai talla, shi kuma jijiyoyin wuyansa suna tashi, har ya gaji ya juya wa bango fuska. Wata rana sa'a guda ta yi tana lalube, ashe filo ne ya zame.

A ranar da suka koma asibiti don gashin ƙafa ne ta ga abin. A kan bencin jira akwai wani dattijo da aka yi wa aiki a maƙogwaro, wuyansa naɗe da bandeji. Yana riƙe da wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, yana tsokalarta da ɗan tsinke, sannan ya miƙa wa matarsa. Matar ta karanta, ta fashe da dariya, ta ɗan doke shi a kafaɗa. Uwar Biyu ta kasa ɗauke ido. Rabonta da dariya da mijinta tun kafin Talatar nan. Ta matsa ta tambayi matar, aka ce mata kwamfutar aljihu ce, a layin masu kayan lantarki ake samu.

Da ta buga wa 'yarta malamar makaranta waya, 'yar ta ce, "Umma, ki bari in zo hutu mu je tare, kada a cuce ki." Hutun saura wata biyu. Uwar Biyu ta ce to, washegari kuma ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna da maigidan, ta shiga motar haya.

Ita da ta san yadi ta hanyar shafa shi da yatsa biyu, a layin nan ta zama baƙauya. Kowane shago gilashi ne cike da abubuwa masu ƙyalli, duk kamarsu ɗaya. Wannan ya ce nasa ya fi ƙwaƙwalwa, wancan ya ce nasa ya fi sauri, wani ya jero mata lambobi har kanta ya soma juyawa. Ta yi tsuru-tsuru, jakarta ƙanƙame a hammata. Can ƙarshen layi ta ga wani ɗan siririn shago, mai shi yana sanye da tabarau yana kwance wata na'ura da ƙaramin sukudireba, bai kira ta ba. Shi ya sa ta shiga.

"Mama, wa za a saya wa?" ya tambaya, bayan sun gaisa.

"Maigidana."

"Me zai yi da ita?"

Ta ce, "Magana."

Ya ajiye sukudireban, ya jawo mata kujera. Ta ba shi labari a gajarce, shi kuma ya fito da guda uku ya jera a kan gilashi.

"Kada ki kula da abin da suke cewa waccan tana yin abu ɗari," in ji shi. "Abu ɗaya kike so, to ki zaɓa don shi. Da wane hannu zai riƙe?"

"Hagu. Shi ma yana rawa."

"To cire wannan ta tsinken, tsinke sai hannu biyu, kuma kwana uku zai ɓata a cikin zanin gado. Wannan kuma ta yi nauyi, ɗaga ki ji. Ki ɗauki mai faɗin fuska, wadda za a iya ƙara wa haruffa girma. Ki duba batir, kada ki sayi wadda za ta mutu kafin azahar. Ki sa mata rigar roba, don faɗuwa dai sai ta faɗi." Ya ɗan dakata, ya dube ta ta saman tabarau. "Amma Mama, tun da ya kwanta, kin ga ya rubuta wani abu? Ko da biro?"

"Hannun rubutun ne ya mutu, Malam. Ai shi ya sa na zo."

"Kafin ki kashe kuɗinki, ki je ki buɗe masa jarida, ki ce ya nuna miki harafin farko na sunanki. In ya nuna, ki dawo. Kayan ba gudu za su yi ba."

Ranta ya sosu. Ta ce masa mutumin da yake magana a kai, jarida guda yake karanta wa mutane kullum, har da tallace-tallacen baya. Mai shagon bai yi musu ba. Ita kuma a can ƙasan zuciyarta ta san abin da ya sa ba za ta yi gwajin ba: tsoron amsar take ji. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ce a naɗe mata mai faɗin fuskar.

Ya rubuta mata matakai a bayan kwali da manyan haruffa: inda ake kunnawa, inda ake taɓawa a rubuta, inda ake gogewa. Ya ce da tsokar yatsa ake taɓawa, ban da farce, ban da allura. Ya ce ta cika batir kafin a fara, kuma ta koya da kanta tukuna, don in ta ruɗe a gaban maras lafiya, shi ma zai ruɗe.

Kwana huɗu tana koyo a ɓoye a ɗakin ɗinki, kwalin jingine da keken ɗinki. Yatsanta ya yi kanta saboda allura, wani lokaci sai ta taɓa sau uku kafin abin ya ji. Ta goge abin da ba ta yi niyya ba, ta buɗe abin da ba ta san hanyar rufewa ba, sau ɗaya na'urar ta soma kiɗa a gaban mai kawo ɗinki, ta tura ta ƙarƙashin yadi. A rana ta huɗu ta rubuta "Baban Biyu ina kwana" ba kuskure.

Ranar Asabar da safe, bayan ta yi masa wanka ta jingina shi da filo, ta ɗora masa ita a cinya. Ta nuna masa gaisuwar. Idanunsa suka yi haske. Ya gane mene ne abin, ya gane kuma don me aka kawo shi. Ya gyara zama, ya miƙe ɗan yatsan hagu, ya soma taɓawa a hankali, yana cije leɓe kamar yadda yake yi in yana gyaran gefen gemu. Ya daɗe yana yi. Da ya gama ya tura mata, fuskarsa cike da jira.

Layi uku ne cif. Ta karanta daga farko, ta sake karantawa. Haruffa ne jere, wasu an maimaita su sau biyar, ba kalma ko ɗaya a ciki.

Ta ɗago ta yi murmushi, ta ce, "To, to, na gani." Shekara talatin suna tare, bai taɓa kasa gane ƙaryarta ba. Ya fizge na'urar ya duba abin da ya rubuta, ya daɗe yana kallo, kamar wanda aka nuna wa rubutun wata ƙasa. Sannan ya kifa ta a kan katifa. Bai yi duka ba, bai yi tsawa ba, hawaye ne kawai ya bi ta gefen fuskar da ya karkace, ita kuma ta rasa abin yi sai gyara masa filon da ba abin da ya same shi.

Ma'aikaciyar da ke yi masa gashin ƙafa ce ta yi mata bayani a makon da ya biyo baya. "Mama, wancan dattijon maƙogwaronsa ne ya samu matsala, maganarsa tana nan a kansa. Shi Baba ciwon ya taɓa inda kalmomin suke ne. Ya san abin da yake so, amma in ya miƙa hannu ya ɗauko sunan abin, sai ya tarar ba ya nan, ko da baki ko da rubutu."

"Za su dawo?"

"Wasu sukan dawo a hankali. Wasu kuma..." Ta kama hannun Uwar Biyu ta matse.

Ta koma wurin mai tabarau, ba don ta mayar da kaya ba, don dai ba ta san inda za ta kai maganar ba. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya juya na'urar, ya nuna mata ɗan idon da ke bayanta. Ya ce ta ɗauki hoton duk abin da maigidan ke buƙata, ya nuna mata yadda ake jera su, da yadda ake turawa da yatsa a wuce zuwa na gaba.

Ta yi hakan. Kofi, bargo, fanka, ƙofar bayan gida, kwalbar magani, kujerar tsakar gida. Wannan kam ya yi aiki. Ya koyi turawa, yakan tsaya a kan kofi ya buga da yatsa, ta kawo ruwa. Faɗan filo da na fanka ya ragu. Da 'yarta ta sake bugowa ta ce, "Umma, ashe kin sayo! Yana magana da ita?" sai ta ce, "Yana neman ruwa da ita."

Wata Laraba da la'asar ta ji yana buga gefen gado. Ta bar keke ta shiga. Na'urar na cinyarsa, yana tura hotunan da sauri, ya kai ƙarshe ya dawo farko, ya sake kaiwa ƙarshe. Ba ya tsayawa a kan ko ɗaya. Ya nuna Uwar Biyu da yatsa, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna taga.

"'Yan biyu kake nema? In buga musu?" Ya girgiza kai. "Shago ne? An rufe shi da kyau, makullin na wurina. Wani ne ya ɓata maka rai? Ni ce? Ƙirjin ke ciwo? Fita kake son yi?"

Kowace tambaya sai ya ce "Yauwa," muryarsa tana karyewa, kansa yana girgiza. Ya kama gefen zaninta ya riƙe gam, bakinsa yana motsi, yana kokawa da abin da ya tsaya masa. Ta ga ba ƙaramar magana ba ce, irin wadda a da zai zaunar da ita ya ce, "Uwar Biyu, ajiye allurar nan ki saurare ni." Ta durƙusa a gaban gadon tana ta kawo duk abin da ya zo mata, har na shekarun baya, har ya gaji ya sake ta.

Washegari ta zaga unguwa da na'urar a hannu. Ta ɗauki hoton shagonsa a rufe, da abokan hirarsa, da titi, da tsofaffin hotunan iyayensa da ke bango, har da nata da maƙwabciya ta ɗauka mata. Ya duba su duka a natse, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kan wasu. Da ya kai ƙarshe ya miƙa mata, ya lumshe ido. Ba ya cikinsu. Har yau ba ta san abin da ya so ya faɗa mata ba, kuma bai sake gwadawa ba.

A ranar, tana nan tsaye a gefen gadon aka yi sallama daga ƙofa. Wata mata ce da ta kawo ɗinki tun mako uku da suka wuce, yadin yana nan a ninke ko yankawa ba a yi ba. Uwar Biyu ta maƙala na'urar a caji kusa da hannunsa na hagu, ta goge fuska da gefen ɗankwali, ta rataya tef ɗin awo a wuya. Ta bar ƙofar ɗakin a buɗe yadda za ta ji in ya buga, ta fita ba wa matar haƙuri.