Baba Saiti, Mai Sa Manhaja Surutu

Kullum kafin mu iso cibiyar tara jini, Baba Saiti ya riga ya zauna a lungunsa kusa da firji, shayinsa na hucewa, idonsa kan kwamfuta. Ka gaishe shi, ya ɗaga yatsa. Ya amsa ke nan.

Shi ke kula da manhajar da ke tura wa masu ba da jini saƙon waya. Ba ya yarda a cusa saiti a cikinta. A waje yake ajiye su, kan na'urar da take aiki, tana tashi ta karanta: wa za ta tura wa, yaya yawan bayanin da za ta rubuta kan abin da take yi. Wannan na ƙarshen ya raɗa masa suna biyu, "taƙaice" da "surutu". Mutumin da sai an yi da gaske yake haɗa jimla, wai shi ke yanke wa wani yawan magana!

Ranar da matar direbanmu ta zubar da jini wajen haihuwa, irin jininta ya ƙare mana. Muka tura kira, shiru. Direba ya tsaya a kan Baba, ya ce: "Baba, don Allah, ko mutum ɗaya bai kira ba."

Baba ya goge "taƙaice", ya rubuta "surutu", ya sake tayar da manhajar. Nan take ta fara zuba bayani. Ashe tun da aka sauya na'ura aka bar ta a kan "gwaji", saƙonnin ba sa fita ko ƙofa. Ya mayar da kalmar "gaske". Kafin ya kurɓi shayinsa, wayoyinmu sun ɗauki ƙara.

Baba, kai ne wanda ba a tunawa da shi sai abu ya tsaya. Mun gode, kuma wallahi za mu yi kewarka. Masu tasowa, ku koyi ajiye saiti inda na bayanku zai gane.

Jiya a bikin ritayarsa aka miƙa masa makirufo. Ya ce, "Na gode," ya zauna.

Daga baya wata mata ta ɗaga murya: "A mayar da shi surutu mana!"

Matar direba ce, da 'yarta a goye.