Muryar Inna a Gonar Shinkafa

Wuri ɗaya muryar Inna ta rage a duniya: faifan CD na bikin sunan 'yar yayana. Minti kaɗan ta yi magana a ciki, rabi addu'a, rabi faɗa da mai ɗaukar bidiyon saboda ya taka mata tabarma da takalmi. Mai shagon kwamfuta a Kura da ya zuba mini shi ya ce haske ne ya rubuta, haske kaɗai zai karanta, ko gara ba ta da abin ci a jikinsa. Na yarda da shi. Na cusa faifan a tsohuwar jaka a ɗakin Inna, can ƙauyenmu gefen Bunkure, na koma aikina a Kano.

Bayan rasuwarta na kasa kallonsa. Shekara biyu ina ce wa kaina sai zuciyata ta yi ƙarfi. Ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya, kuma kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Ranar da na lura na fara manta yadda take jan ƙarshen sunana, na hau mota.

Jaka na nan, faifai babu.

Matar yayana ta ce, "Mai ƙyallin nan? Ai yana gona."

A wajenmu, idan shinkafa ta fara nuna, ana rataya tsofaffin faifai a igiya, iska na juya su, walƙiyarsu na korar tsuntsaye. Na bi bakin kanal ɗin ban ruwa har gonar. Na gane faifan Inna a kan igiya da rubutun hannuna. Rana ta ɓare fatarsa mai ƙyalli, har ina hango yatsana ta cikinsa.

Yayana ya taso daga cikin ruwa, taɓo har gwiwa. Ya dubi faifan, ya dube ni.

"Wallahi na ɗauka na waƙoƙi ne, ƙanena. Tun bara yake nan."

Ban iya yi masa faɗa ba. Na kai wa mai shagon, kwamfuta ta yi ta gurnani, sannan ta tofo shi.

Da la'asar na koma gonar na mayar da shi kan igiyarsa. A nan Inna ta yi shekaru tana kaɗa gwangwani, tana yi wa tsuntsaye ihu. Ina tsaye wani garken tsuntsaye ya taso, ya ga walƙiya, ya juya. Har yanzu suna jin tsoronta. Ni ne ba zan ƙara jin ta ba.