Sunan da Iddi Ya Bayar

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a Aboabo, nan Kumasi, ya san Iddi Mahama, ko da bai riƙe sunansa ba. Shagonsa ne ke jikin nawa. Ni tela ne, Abdul-Fatawu, shekara ashirin da ɗaya ke nan bango ɗaya ya raba mu, bangon kuwa na katako ne, ko tari ya yi sai na ji. Ina taka keke, yana buga kwamfuta. Wasiƙar neman aiki, katin biki, sanarwar sadakar arba'in, duk yana yi, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne 'yan jami'a da furojet ɗinsu, dogon rubutun binciken nan da ake ɗora musu a shekarar ƙarshe.

Iddi mutum ne mai kunya, har ta yi masa yawa. Idan ka taka masa ƙafa, shi ne zai riga ka ba da haƙuri. Na sha gaya masa kunyar nan za ta ja masa wata rana, ashe ranar da za ta ja masa ɗin ina tsaye a wurin ina yaba masa.

A Moshi Zango aka haife shi, a gidan Alhaji Issifu mai goro. Gidan ba nasu ba ne. Mahaifinsa, Malam Mahama, daga arewa ya sauko yana saurayi, ba shi da komai sai buzu da littattafai, ya yi yadda baƙo ke yi a Zango: ya nemi mai masauki, mai masauki ya zama ubansa a gari. Alhaji Issifu, Allah Ya jiƙansa, ya ba shi ɗaki biyu da zaure, har ya koma ga Allah bai taɓa ta da zancen haya ba. Amma Alhaji goro ya sani, karatu ba fanninsa ba ne. Malam Mahama ne ya share zauren, ya tara yara bakwai ya fara biya musu. Daga bakwai aka wuce ɗari. Ni ma a hannunsa na sauke Alƙur'ani, kuma har gobe gadon bayana bai manta da shi ba. Malam ya rasu a 2009, ya bar matarsa, Mma Ayishatu, da Iddi da iyalinsa a waɗannan ɗakuna biyu.

A 2014 wasu matasa suka shirya taron koyar da mutane yadda ake rubutu a kundin nan na intanet, insakulofidiyar da kowa ke iya sa hannu ya ƙara ko ya gyara. Iddi ya je, ya dawo baki har kunne. Ya ce mini ya duba ko'ina, kusan babu labarin Zango a ciki, sai ka ce ba ma duniya. Daga nan duk sanda kasuwa ta yi sanyi sai ya zauna ya yi ta rubutu, kan unguwa, kan sana'o'inmu, kan abincinmu. Ba don kuɗi ba, ko kwabo ba a biya. A ƙarshe ya zo kan makarantar da aka haife shi a bayanta.

Da ya iso wurin da ake faɗin wanda ya kafa ta, sai ya ƙwanƙwasa bango ya kira ni. Ya ce hannunsa ya ƙi rubuta sunan mahaifinsa. Da wane ido za a dube shi, a ce ɗan Malam ya hau intanet yana yi wa ubansa kirari, alhali a ƙarƙashin rufin Alhaji suke kwana? Malam da kansa ya sha faɗa musu cewa baƙo ba ya ɗaga kai ya wuce mai masaukinsa. Ban da haka, wa ne ne a Zango bai san wanda ya karantar ba? Sai ya rubuta cewa Alhaji Issifu ne ya kafa makarantar a 1958, ya kuma ɗauko malamai. Sunan Malam bai fito ko sau ɗaya ba. Shekarar ma kintatarta ya yi, bai tambayi kowa ba. Ni kuwa, da bakina, na ce masa ya yi halin 'ya'yan halas. Wannan magana tawa tana ci mini rai har yau.

Ya buga shafin a takarda ya kai wa Alhaji Suraj, ɗan Alhaji Issifu na ƙarshe da ya rage. Dattijon ya sa aka karanta masa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce Iddi ya naɗa wa babansu rawanin da ba nasa ba, amma Allah Ya yi masa albarka. A wurinsa ladabi ne kawai, irin na ɗan gida. Shekara biyu bayan nan shi ma ya rasu.

Iddi ya ci gaba da harkarsa. Idan ɗalibi ya zo yana kukan babu abin karantawa a kan Zango, sai ya ce masa ya duba intanet, akwai ɗan abin da aka rubuta. Ba ya cewa shi ya rubuta, kunyar dai. Su kuma yaran, ka san su, su kwafa, su kawo masa, ya buga musu. Mai buga takarda ba ya karanta abin da yake bugawa, yatsu ne ke aiki, hankali yana can wurin cefane.

Asirin ya tonu ne a 2023, lokacin da 'yarsa ta fari, Fadilatu, ta kai shekarar ƙarshe a jami'a. Tarihi take karantawa, ta kuma zaɓi ta yi furojet a kan makarantar kakanta. Iddi ya ba ta labari tiryan-tiryan yadda yake, ta rubuta babin farko ta kai. Malamin da ke duba aikinta mutum ne mai tsanani. Tun ranar farko ya gaya musu duk wanda ya kawo masa hujja daga kundin intanet ya kuka da kansa. Ya karanta babin, ya ja layi a ƙarƙashin sunan Malam Mahama, ya ce wannan zancen gida ne, kowace jika tana son kakanta. Ya miƙa mata wata maƙala da wani masani ya buga a mujallar ilimi, ya ce ta je ta ga abin da bincike ya tabbatar.

Ina shagon ranar da ta kawo takardar. Iddi ya sa tabarau ya fara karantawa. Alhaji Issifu, 1958, ya ɗauko malamai. Maganarsa ce, kalma bayan kalma, har da shekarar da ya kintata. A ƙasan shafin masanin ya nuna inda ya samo: furojet ɗin wani ɗalibi na 2016. Iddi ya shiga tsofaffin ayyukan da ke ajiye a kwamfutarsa, bai daɗe yana nema ba ya same shi. Shi ne ya buga wa yaron.

Ya ce abu mai sauƙi ne, wanda ya ɗaura ai shi ke kwancewa. Ya shiga shafin ya cire sunan Alhaji, ya sa na mahaifinsa. Kafin la'asar wani ya mayar da shi yadda yake. Wani ne can a wata ƙasa, bai san Kumasi ba balle Zango, ya bar saƙo cikin ladabi cewa ba a canza magana sai da hujjar da aka buga. Sai a lokacin Iddi ya lura an liƙa wa jimlarsa hujja tun shekara guda kafin nan, hujjar kuwa ita ce maƙalar masanin nan. Ya rubuta musu cewa shi ne ya fara rubuta shafin, ƙarya ya yi, kuma shi ɗan Malam Mahama ne na cikinsa. Aka amsa masa cewa tunda ɗansa ne, bai ma kamata ya taɓa shafin ba. Da ya gwada karo na uku aka gargaɗe shi za a rufe masa ƙofa. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Na so in zagi mutumin nan na wata ƙasa, amma da na zauna na yi tunani ban ga laifinsa ba. Gadi yake yi, kuma dokarsa mai kyau ce, in ba haka ba kowane ɗan iska sai ya wayi gari ya mai da kakansa sarki. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne masanin, da digirinsa da komai, Moshi Zango na nan kuɗin tasi ɗaya, bai iya tako ƙafa ya tambayi tsohuwa ko ɗaya ba. Ga kuma malamin Fadilatu da ya hana ɗalibai shan ruwan rijiya, bai san na cikin randarsa daga can aka ɗebo ba. Fadilatu ta ce mini kundin ba abin yarwa ba ne, wurin fara nema ne, in dai mutum zai sauka ƙasa ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata to ga shi ta bi, ta kuma ga inda suka kai ta.

Iddi ya yi shawarar zuwa wurin Abdul-Kudus, jikan Alhaji Issifu, wanda yanzu gidan ke hannunsa, ko zai ba da takardar shaida. Na raka shi. Muka tarar da yaron a ƙofar gida yana duba bulo, don ya ɗaura niyyar rushe zauren ya tayar da bene ga makarantar. Ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kawo kujeru. Iddi ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Abdul-Kudus ya ciro waya ya nuna masa.

"Baba Iddi, ni ban gane ba koraa, ko kaɗan. Abun na intanet, na cikin littafin masu ilimi ma. Kai da kanka ka kawo ma Baba Suraj takardan, ina wurin. Yanzu da muna so mu yi bildin shi ne magana ya canja?"

Ba rainin hankali yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda. Yana yaro lokacin, ya ga takardar, bai fahimci dariyar ba. Manyansa da suka fahimta duk suna maƙabarta. Muka tashi muka dawo Aboabo.

Fadilatu ce ta kawo mafita, mai ɗaci. Ta ce malaminta zai karɓi sunan kakanta idan ta nuna yadda kuskuren ya samo asali, daga kundin zuwa furojet zuwa mujalla. Amma dole ta rubuta sunan wanda ya fara, ya kuma yarda a ɗauki muryarsa yana faɗa da bakinsa. Wato Iddi ya tsaya gaban duniya ya ce ya yi ƙarya, ya kuma tuɓe wa Alhaji rawani a gidan da uwarsa ke kwana. Sati biyu yana juya maganar, ya rame, har firintarsa ta yi ƙura. Daga baya ya je ya durƙusa gaban Mma Ayishatu, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ranar da aka share zauren. Yana tsammanin za ta ce a bar wa Allah, don ita ma ba ta son tashin hankali. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce:

"Malam bai nemi suna ba, gaskiya ne. Amma bai ce ka kyautar da shi ba, Iddi. Ba naka ba ne."

Washegari ya zauna gaban wayar 'yarsa ya faɗi komai. Mma ma ta yi magana, ta ce shekarar ba daidai ba ce, makarantar ta girmi haka da shekara huɗu.

Fadilatu ta ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Furojet ɗinta yana ajiye a ɗakin karatun jami'a tare da dubunsa. Masu gadin kundin sun ce aikin ɗalibi da ba a buga ba ba ya ture mujalla, masanin kuma ta rubuta masa sau biyu, shiru. Abdul-Kudus bai kore su daga gidan ba, ba a yin haka a Zango. Gaisuwa ce dai ta gajarce, matan gidan suka daina aiko wa Mma tuwon sallah. An gama bene, an kafa allo a ƙofa da sunan Alhaji Issifu da 1958, ta ƙarƙashinsa Iddi ke wucewa kullum zuwa shago. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, haushin kaina kuma ya fi.

Watan jiya wata ɗaliba, Farhana, ta kawo masa furojet a kan makarantun Zango. Yanzu yana karanta abin da yake bugawa. A shafi na tara na ji kwamfutar ta yi shiru. Na jiyo shi ta bango yana yi mata bayani a hankali, tun daga zaure har zuwa mujalla, har ya ce zai kai ta wurin Mma ta ji da kunnenta. Yarinyar ta saurara da ladabi.

"Baba, yi haƙuri, jibi zan miƙa. Ina da hujja guda uku. In na sa naka, wa zan ce ya faɗa?"

Ya ce ta sa sunansa. Ta ce malaminta bai san shi ba. Sai Iddi ya tattara takardun ya miƙa mata, ya ce wannan shafin dai ba da hannunsa ba. Tun da na san shi bai taɓa mayar da aiki ba sai ranar. Ta karɓa ta yi godiya, ta tsallaka titi zuwa wani shagon, kafin a kira azahar an buga mata.