Gaisuwar da Nake Masa Ranar Juma'a

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Laraba, mai ofishin da nake aiki ya tura ma'aikatansa biyu tashar jiragen ruwa su dubo wata kwantena. Na riƙe lokacin ne saboda na rubuta shi a saman takardar da nake cikewa. Shekarata ashirin, ina aji biyu a jami'a. Baba ne ya kai ni ofishin a unguwar Treichville in yi aikin hutu, tunda ina da Faransanci da tsabtar rubutu. Mai ofishin amininsa ne, shi ke fitar masa da kaya daga kwastan tun kafin a haife ni, Baffa nake ce masa. Da ma'aikatan suka fita sai ya kulle ƙofa. Ya yi mini fyaɗe. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Na ce wa Baba aikin yana cin lokacin karatuna, ya bar ni na daina zuwa. Amma duk Juma'a bayan masallaci Baffa kan biyo Baba gidanmu a Adjamé su ci abinci, kuma ni ke kai tiren abincin. A gidanmu ba a ajiye wa babba abinci a tsaye. Kwana biyu bayan abin, na shiga falo, na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yar boko. Kin guje mu, ko?"

Baba ya yi dariya. "Rabu da ita, littafi ya fi mata mutane."

Na zuba masa ruwan wanke hannu. Da na koma ɗaki na wanke nawa har suka yi ja. Tun daga ranar, kunyar Juma'a ta fi ta Laraba nauyi. Ranar Laraba an fi ƙarfina. Ranar Juma'a kuwa da ƙafata na je, da bakina na tambayi lafiyarsa. Na yanke wa kaina hukunci cewa wadda ta yi haka ba ta da bakin kai ƙara wurin kowa.

A banɗakin mata na jami'a na ga takarda a liƙe, ta wata cibiya a Treichville da ke sauraron matan da aka ci zarafinsu. Sai da na yi wata biyu ina karanta ta kafin na je. Na hau mota a tashar Roxy, na sauka nesa da wurin, na ƙarasa a ƙafa kaina a ƙasa, don Treichville ma cike take da mutanenmu.

Wadda ta karɓe ni matashiya ce mai haƙuri, da Faransanci muke magana. Ta raka ni asibiti aka yi mini gwaje-gwaje. Na kai mata shafi huɗu na rubuta komai a jere, har da launin labulen ofishin. Ta karanta, ta ce ba laifina ba ne. Na gyaɗa kai. Ban yarda ba, domin babu Juma'a ko ɗaya a cikin shafukan.

Zuwana na huɗu ba ta nan. Abokiyar aikinta, wata dattijuwa 'yar asalin Nijar, ta dubi sunana a fayil ta yi mini Hausa. Na miƙe zan fita. Duk mai jin Hausa a garin nan ya san wanda ya san Baba.

"Zauna, 'yata," ta ce. "Abin da ya shigo ɗakin nan ko mijina ba ya jin sa, balle 'yan kasuwa."

Na zauna a bakin kujera. Ta karanta shafukana a hankali, ta cire tabarau.

"Rubutu kamar na inji. To, mene ne ba ki rubuta ba?"

Na dubi takalmina.

"Inna, ina gaishe shi."

"Yaya?"

"Har ƙasa. Duk Juma'a. Sau goma sha ɗaya ke nan. Ina kai masa abinci. Idan da gaske cutata ya yi, yaya zan durƙusa masa? Ba ya nuna na yarda ba?"

Ta tura mini kofin ruwa, ta jira na sha.

"Tun kina shekara nawa aka koya miki durƙusa wa manya?"

"Ban sani ba. Tun ina ƙarama."

"To gwiwoyinki aikin da suka saba suka yi. Da kin ƙi, babanki zai tambaye ki dalili a gaban baƙo, ke kuma ba ki shirya ba. Shi mutumin ya san haka sarai, shi ya sa bai fasa ko Juma'a ɗaya ba. Ba ki yarda ba, 'yata, kuma ba ki yafe ba, abinci kawai kika kai. Yau Laraba. Matso kujerarki, mu tsara inda za ki kasance jibi in an taso masallaci."