Wili Mai Wayoyi na Motar Kawu

Jiya a Dawaki na ji mai gyaran keke yana ƙwanƙwasa wayar wili, wato siraran ƙarafan nan na tsakiyar ƙafar keke, sai marigayi Kawuna ya faɗo mini a rai. Wata uku muka yi muna zagaya wajen 'yan gwangwan, muna nema wa tsohuwar motarsa mai kujera biyu wili mai wayoyi. Kowace waya sai ya buge ta da makulli, ya kara kunne ya ji ƙararta.

Wata rana na gaji, na ce, "Kawu, mu ɗauki wannan mana."

Ya goge baƙin mai daga hannunsa, ya ce, "Wayoyi biyu ba sa amsawa. Ke fa zan ɗauka a motar nan, 'yata."

Da muka haɗa wili huɗu lafiyayyu, ya zagaya da ni GRA a hankali, yana ta dariya.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.