Takabar Anti

Yayata malamar jinya ce a soja. Da ta yi ritaya ta dawo Funtuwa, ta zo da wata mata 'yar Musawa da muke kira Anti. Ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, har furfura ta fito masu tare. Dangi suka ce ƙawarta ce, ni ma haka nake cewa. Amma fa ni ba makauniya ba ce.

Yaya ta rasu ana tsakar girbin masara. Tsofaffin sojoji suka zo gaisuwa, babbansu ya ce in akwai miji yana da haƙƙi, katin asibiti da abin da ya rage na fansho. Babban wanmu, Alhaji, ya ce, "Ai ba ta taɓa aure ba." Anti tana durƙushe tana zuba masu ruwa. Ga ciwon suga yana cin ta, da ma Yaya ce ke sayo mata magani.

Na taɓa ji a rediyo wai a wata ƙasar Turawa ana ba irin su Anti wannan haƙƙi. Maigidana ya ce a'uzubillahi, ya murɗa tasha. A nan ko furta maganar ka yi, sai kotu.

Bayan sadakar bakwai na lura Anti ta bar kwalli, ta cire 'yan kunne, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Takaba take yi! Wayyo Allah, ba wanda ya sa ta, ba kuma mai ce mata sannu.

Alhaji kuwa ya riga ya gama magana da wani dillalin hatsi da zai zuba buhuna a gidan Yaya. Anti ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, roƙar mini Alhaji. Ba gidan nake so ba, ya bar ni in cika kwanakina kawai."

Na je na durƙusa. Ya ce, "Kwanakin me kuma?" In na faɗa, na tona asirinta da na wadda ke kabari. In na yi shiru, ta tafi. Na ce ba ta da lafiya ne. Ya ce a Musawa ma akwai asibiti. Wallahi kuka na yi ta yi har gida.

Ranar tafiyarta ta ƙi fitowa sai da ta lulluɓe fuska. Wata maƙwabciya ta yi dariya ta ce, "Anti, wannan lulluɓi, sai ka ce mai takaba?"

Anti ta ce, "Rana ce ta dame ni." Ta hau babur.